Ajin da Bai Kai Ciki Ba

Ni malamin Hausa ne. Baƙi nake koyarwa, manya masu gemu da furfura, waɗanda aiki ya jefo garin nan ba su san ko "sannu" ba. Ajinmu ɗaki ne a saman bene, a ƙasa shagon mai faci, don haka ƙurar alli da warin taya tare muke shaƙarsu. Dokata guda ce, kuma har gobe ina alfahari da ita: abin da na faɗa ku faɗa, abin da na yi ku yi. Ba fassara, ba tambaya. Ko sun yi tambayar ma da wane baki zan amsa? Injiniyan da ke zama a gaba yarensa daban, tsohuwar da muke kira Kaka nata daban, wata doguwar likita nata daban, ni kuwa ko ɗaya ba na ji.

Sassan jiki ina da hanyata ta koyar da su. Ba na tsayawa in nuna hanci in ce "hanci" kamar mai talla. Ciwo nake yi. In dafe kai, in yamutse fuska, in ce, "Wayyo kaina!" Su ma su dafe nasu su ce, "Wayyo kaina!" Haka kalmar take zama musu daram. Daga sama muke gangarowa, kuma a lokacin mun tsaya a ƙirji.

Ranar tun daga gida wani abu yake mintsinina a ƙasan ciki, ɓangaren dama. Na ce iska ce. Muna cikin bitar wuya sai ya soke ni kamar an cusa mini ƙarfe mai zafi. Alli ya faɗi. Na duƙe na ce, "Wayyo cikina!"

Fuskokinsu suka washe. Sabon darasi! Aji gaba ɗaya ya jefar da biro, ya duƙe, ya ce, "Wayyo cikina!"

Na ce, "A'a, da gaske nake."

Suka ce, "A'a, da gaske nake."

"Ku kai ni asibiti!"

"Ku kai ni asibiti!"

Wallahi tunda nake koyarwa ban taɓa jin furuci mai kyau haka ba, kuma ban taɓa tsanar ɗalibai irin na ranar ba. Na dubi likitar, mace da ta ƙare karatun yanka mutane da ɗinke su, na miƙa mata hannu ina roƙo da ido. Ita ma ta miƙo mini nata, har da karkatar da kai yadda na yi. Ita ce ta ɗaya a ajin, shi ya sa.

Na lalubo waya na kira matata. Su ma suka zaro nasu suka kara a kunne.

"Uwar yara, mutuwa zan yi."

Daga bayana aka amsa da murya ɗaya, "Uwar yara, mutuwa zan yi!"

Ta yi tsaki. "Baban yara, ba na ce ka daina sa ni a cikin darasinka ba? Ina da wanki. In ka tashi ka biyo da sabulu." Ta kashe. Ban ga laifinta ba, baiwar Allah, ta sha jin ina gwajin "wayyo kunnena" a banɗaki.

A nan tsoro ya kama ni sosai. Na gane cewa in na mutu a ɗakin nan, mutanen nan za su kwanta a gefena su rufe ido, su jira in tashi in ce sun yi ƙoƙari. Sai na ce to, tunda abin da na yi suke yi, bari in yi tafiya. Tsayuwa ta gagara, na kama rarrafe. Na waiwaya a bakin ƙofa, sai ga Injiniya a bayana da kwat da takalmi sau ciki, ga Kaka ta rataya jakarta a wuya, ga sauran a jere. Haka muka sauko benen nan muna wayyo.

Mai faci ko ɗago kai bai yi ba. "Malam, yau kuma ina aka kai?"

"Ciki," na ce da ƙyar.

"Ma sha Allah, ana ci gaba." Ya koma kan tayarsa.

Wani direban bas ne da bai san mu ba ya taka birki, ya yi salati, ya ce guba muka ci. Shi da masu wucewa suka loda mu kamar buhuna, ya nufi asibiti da mu.

A can wata nas mai faɗin kafaɗa ta tarbe mu. Mutum nawa ne, duk ciki, duk ɓangaren dama, duk da lafazi ɗaya. Ta ce za a fara da wanda ya fi jin jiki, ta bi mu tana saurare. Injiniya, wanda muryarsa ke girgiza taga, shi aka fara turawa ciki a keken marasa lafiya. Kaka ta bi. Ni kuwa zuwa lokacin murya ta ƙare, ina kwance a kan benci ina kallon fanka. Nas ta dube ni ta ce, "Baba, kai naka da sauƙi, ɗan matsa a ajiye wannan."

Wadda aka ajiye kusa da ni likitar ce. Ta ga na yi shiru, ta yi shiru. Ta jira kalma ta gaba, ba ta zo ba. Ta ƙara jira. Na ga ta ɗaga hannu za ta share gumi kamar yadda na yi, sai ta tsaya, domin goshinta a bushe yake. Ta kalli rigata da ta jiƙe sharaf. Sannan ta ɗora tafinta a goshina, nawa, ba nata ba. Ta danna cikina ta saki, na yi wata ƙara da ba ta cikin kowane darasi.

Ta diro daga bencin ta cafki hannun nas. Hausar da na ba ta kaɗai gare ta, da ita ta yi yaƙin.

"Ba kai ba! Ba wuya ba! Ba ƙirji ba! Ciki! Malam! Da gaske nake!"

Da na farfaɗo bayan an yi mini aiki, matata na zaune a gefen gado, idanunta sun kumbura. Ɗalibaina sun kewaye ni tsaye, Injiniya da tabon allurar da aka yi masa a banza. Likitar ta matso da wata 'yar kwalba. A ciki wani ɗan guntun nama ne da aka ciro daga cikina, bai kai ɗan yatsa ba. Ta nuna shi, ta ce a hankali, "Malam, wannan?"

Na buɗe baki. Ni da na san sunan kowace gaɓa daga tsakar ka zuwa diddige, sunan wannan ya ƙi zuwa. Abin da ya fito shi ne, "Saura kaɗan ya raba ni da 'ya'yana."

Na jira amshi don sabo. Ɗakin ya yi tsit. Kaka ce ta fara kuka, kuma ba ni ta kwaikwaya ba.