Faɗuwar Malam Dikko ta Ƙarshe

Da Malam Dikko ya dafe ƙirji ya zube a tsakar gidan, sai aka kwashe da dariya. Usaini direba har ya ɗaga waya yana ɗauka.

Muttaka mai gadi, wanda ɗakinsa ke jikin na Dikko a wannan tsohon gida na unguwar Fereej Abdel Aziz, shi ma ya murmusa. Kafin Dikko ya zo Doha tuƙi, shekara goma sha biyu ya yi a finafinan Kano yana fitowa azzalumin attajiri, kuma kowane fim da mutuwarsa yake ƙarewa. Lokacin kullen korona, da wannan faɗuwa yake ɗebe musu kewa. Cutar ta kama shi, ta sake shi, amma ta bar masa wani numfashi mai kamar jan zarto.

Muttaka mutum ne mai yawan tunani, karatunsa na tsince-tsince. Ya taɓa tambayar Dikko ko mutum zai daɗe yana aron fuskar mugu ba ta manne masa ba. Dikko ya ce ta manne tuni, don a kasuwar Sabon Gari wata tsohuwa ta taɓa tsine masa ido da ido. Sannan ya rage murya.

"Ba wannan ke damuna ba. Ranar da na faɗi da gaske, wa zai yarda?"

Yau da la'asar ce, ana jiran a fara wasan ƙwallon kofin duniya, titi ya cika da ƙarar hon.

"Alhaji azzalumi, yalla, maza tashi a sake," in ji Usaini. "Ban samu fuskar ba."

Maganar ce ta daki Muttaka. Dikko ya sha gaya masa ɗan wasa ba ya faɗuwa ya ɓoye fuska, kullum gefen masu kallo yake juya ta. Yanzu kuwa goshinsa na kan siminti, hannunsa ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashinsa. Duk da haka Muttaka ya ɗan dakata, kada a ce an yaudare shi, a yi masa dariya.

Da ma'aikatan motar asibiti suka iso, suka tambaya minti nawa ya yi a kwance. Kowa ya sunkuyar da kai.

Bayan jana'iza Usaini ya miƙo wa Muttaka wayar, ya ce ya kasa goge bidiyon. Muttaka ya kashe sautin ya kalla. Minti huɗu ne. A gefen hoton ga shi nan tsaye, kofin shayi a hannu, yana murmushi.