Wa Ya Kai Maganar Matakala?

Da matakalar sabon benen ta tsage, mai ginin ya kai Injiniya ƙara, don ita ta zana shi. Hankalinta bai tashi sosai ba, tunda ta daɗe tana biyan inshorar da ke tsaya wa mai sana'a idan aikinsa ya jawo ɓarna. Sai kamfanin inshorar ya ce ba ruwansa. Wai ta ga tsagar tun kafin ta sabunta yarjejeniyarsu, ta ja bakinta ta yi shiru. Dole su ma ta maka su a kotu.

A zaman farko, lauyan kamfanin, wani siriri mai yawan gyara tabarau, ya tambaye ta, "Ba ke kika ce, 'Wannan tsagar ta wuce filasta' ba?"

Maganarta ce sak. A ƙarƙashin matakalar ta faɗe ta, kafin a gwada simintin a ce mata lafiya lau. Mutum biyu ne kawai a wurin: yayanta, ɗan kwangilar da ya yi ginin, da Dogo, abokin aikinta da suke ofis ɗaya.

Daga ranar ta fara sa ido. Dogo, wanda da a gabanta yake amsa kowace waya, yanzu sai ya fita baranda ya ja ƙofa. Ta tare shi.

"Da wa kake ta ƙus-ƙus haka?"

"Da surukata," ya ce yana dariya. "Ko za ki karɓa ku gaisa?"

Ita dai ba ta yi dariya ba.

Ta je gidan yayanta. Matarsa na ajiye mata ruwa ta ce, "Ai mutanen inshora sun zo nan ma, sun daɗe a falo."

Yayan ya harari matar.

"Yaya, me suka tambaye ka?"

"Siminti da rodi. Na ba su amsa, suka tafi."

"Shi ke nan?"

"Auta, ni kike tuhuma? Ni da na goya ki?"

Ta sunkuyar da kai. Amma a hanya ta yi ta juya abin: in aka ɗora laifin kan zane, yayanta da ya yi ginin ya fita fes. In kuma ta durƙushe, duk masu kawo mata aiki teburin Dogo za su koma.

Lauyanta ya nemi kotu ta sa kamfanin ya kawo wanda ya ba shi labarin, a yi masa tambayoyi a gaban kowa. Kafin ranar ta zo, kamfanin ya nemi sulhu: zai ɗauki mafi yawan gyaran, ita ta cika sauran.

"Karɓi, Injiniya," in ji lauyanta. "Wannan nasara ce."

"To sunan fa?"

"In an yi sulhu, babu mai faɗa miki."

Ta kwana biyu tana jinkiri, sannan ta sa hannu. Ba a jima ba ta kama wani ƙaramin ofis ita kaɗai a saman shagon fenti. Dogo ne ya taya ta ɗaukar kwalaye, yayanta ya aiko da mota. Ta yi wa kowannensu godiya, ta jira suka tafi kafin ta buɗe zanen sabon aikinta.