Aron Ƙafa

"Ɗaga ƙafarki," in ji Mang Rufino. "Danjar can za ta ba mu hanya kafin mu isa, in ba ki yi gaggawa ba."

Ya ƙwanƙwasa gaban motar da yatsu biyu, taf-taf, kamar yadda ya saba. Editha ta ɗaga ƙafa daga totur. Motar ta ci gaba da gangarawa da kanta, ta wuce shagon taya da mai sayar da gasasshiyar ayaba, suka isa mahaɗar daidai lokacin da jar wuta ta koma koriya. Ba ta taɓa birki ba.

"Kin gani? Da kin taka, da kin ƙona mai don ki je ki yi tsaye."

"Na gani, malam. Sai ka ba ni takardar shaida."

"Takardar shaida? Ke da kika fara da sha biyu?"

Katanga ɗaya ta raba gidajensu. Mang Rufino, kamar a ce Malam Rufino, ya yi rayuwarsa yana tuƙa wani mai injin casar shinkafa, da ya bar aiki ya sayi wannan 'yar farar mota. Bara ciwon suga ya cinye masa ƙafar dama daga gwiwa, daga baya ƙoda ta biyo. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa Crisanto kuma yana aiki a jirgin ruwa. Wata safiya ya leƙo ta saman katanga ya ce wa Editha, wadda ta koyi tuƙi a motar dakon marigayi mijinta, "Ki ara mini ƙafarki ta dama sau biyu a mako. Motar tawa ce, idon nawa ne, ƙafar kawai nake nema."

Tun daga nan take kai shi wankin ƙoda a asibitin birnin Cabanatuan.

A bayan sitiyari akwai wata 'yar lamba mai nuna kilomita nawa motar take yi da lita ɗaya, in an haɗa duk tafiyar da aka yi tun ranar da aka goge ta. Ranar farko ya danna maɓallin ya goge tasa. Da suka dawo, lambar ta nuna sha biyu. Ya daɗe yana kallonta.

"Editha, wannan ƙafa ce ko taɓarya?"

Daga nan karatu ya soma. Ba a fizgar mota daga tsaye. Ba a kunna esi sai in zafi zai yi kisa. Ya sa ta fitar da buhun gawayi da tsohon jak daga but, ya sa ana duba iskar taya duk mako. Tsayawa a hanya kuwa ya fi tsana. In ta ce za ta sayi burodi, sai ya ce a sayo da ƙafa, mota ba ta son a tashe ta sau biyu. Lambar ta riƙa hawa a hankali, wata bayan wata. Shi ashirin yake so. Da ƙafarsa ya taɓa kai ta can, kuma yana son ya sake gani.

Ranar nan, da suka fito daga asibiti, lambar tana kan 19.9. Hannuwansa ba su da ƙarfi bayan wanki, don haka ita ce ta ja bel ta ɗaura masa. In ba haka ba motar ta dinga ƙara ke nan, ƙin-ƙin-ƙin, muddin ta ji nauyin mutum a kujera babu bel.

"Ta fi marigayiya surukata mita," in ji shi. Ya dubi lambar. "Yau ko Juma'a za ta kai ashirin. Ki tafi da ita a hankali."

Suka bar gari. Bayan danjar bai sake magana ba. Titin ya miƙe tsakanin gonaki, an shanya shinkafa a rabin kwalta, ta kauce mata tun daga nesa ba tare da ta taɓa birki ba. A gada wani mai babur ya yanko gabanta, ta riga ta ɗaga ƙafa. Ta saurari taf-taf ɗin, ba ta ji ba. Daɗi ya kama ta. Ta ba shi labarin jikanta da aka haifa makon jiya, yadda yake da kunnuwan kakansa, da yadda Nanay, mahaifiyarta, ta hana kowa ɗaukarsa sai ya wanke hannu. Ta ba shi labarin kuɗin albasa. Ya bar ta ta yi ta zuba.

A ƙofar gidansa ta ja birkin hannu.

"Ko taf ɗaya yau, Mang Rufino. Ka yarda na iya?"

Kansa yana jingine da gilashi. Idanunsa a buɗe kaɗan, sun karkata wajen lambar. Yatsun nan biyu suna miƙe a kan gwiwarsa. Ta taɓa bayan hannunsa, ta janye nata.

Likita ya ce zuciya ce, kuma ya jima da cikawa kafin su iso. Editha ta yi lissafin hanyar a ranta, ta gane tun wajen gada take hira ita kaɗai.

An yi zaman makoki a gidansa. An kafa rumfa a titi, maza suna karta, ana zagayawa da kofi da biskit. Crisanto ya iso da jakarsa a kafaɗa, ya tsaya gaban akwatin gawar. Da Editha ta miƙa masa makullin motar ya mayar mata.

"Ki riƙe tukuna, Aling Editha," in ji shi, yana kiranta da laƙabin girmamawa. "Ni ko lasisi ba ni da shi."

Ranar jana'iza ita ta ɗauki tsofaffin matan da ba za su iya takawa zuwa maƙabarta ba. Ta bi bayan motar gawa da tafiyar ƙafa, giya ɗaya, rana tana dukan rufi. Kafin su isa lambar ta sauka zuwa 19.8.

"Da yana nan da ya zagi direban gawarsa," in ji ɗaya daga cikin matan, da Editha ta nuna musu. Suka yi dariya, suka share ido.

Bayan an rufe kabarin, matan suka bi sauran jama'a zuwa gidan abincin da ke tsallaken titi. Kowa ya san ba a barin maƙabarta a miƙe gida. Sai an ratse wani wuri, an zauna, an kakkaɓe jiki, don mamacin ya ɓace hanya kada ya biyo mutum. Editha ta ce musu tana zuwa, za ta gyara fakin.

Tana tayar da motar ƙarar ta soma. Ƙin-ƙin-ƙin.

Nata bel ɗin a ɗaure yake. Ta dubi kujerar gefe. Babu komai a kai, jakarta ma tana baya. Ta buga kujerar da tafin hannu, ƙarar ba ta daina ba. Sai hannunta ya yi abin da ya saba: ta miƙa, ta ja bel ɗin, ta ɗaura shi a kan kujerar. Motar ta yi shiru.

Ba ta tuna lokacin da ta hau titi ba. Ta dai san ba ta tsaya ko'ina ba, domin a motar nan ba a tsayawa a hanya.

Da ta isa gida, Nanay tana bakin ƙofa da kwanon ruwan ganyen gwaiba, wanda masu dawowa daga jana'iza suke wanke hannu da shi. Ta dubi titi, ba ta ga kowa a bayan 'yarta ba.

"Har kun gama ci? A ina kika ratse?"

Editha ta dubi kujerar gefe.

Tsohuwar ta matso, ta sunkuya ta leƙa ta gilashi. Ta ga bel a ɗaure a kan kujerar da babu kowa. Ta ja da baya, ta yi alamar gicciye, ruwan ya zube mata a ƙafa.

"Wa kika ɗaura wa?"

"Nanay, ƙara take yi. Wata waya ce ta lalace."

"Waya. Shekara hamsin da 'yan kai, kina da jika, ki ɗauko mutum daga kabari ki kawo mana har ƙofa?" Ta tsaya a tsakiyar ƙofar. A ciki jaririn ya tsala kuka, uwarsa ta leƙo ta taga da shi a kafaɗa. "Rufe tagar nan! Ke kuma ba za ki taka gidan nan ba. Ki mayar da shi inda za ki mayar da shi. Mutumin kirki ne, amma ba a zuwa ɗakin jariri daga can."

Editha ta juya motar.

Ta tsaya a gidan mai na bakin gari. Ta shiga shago ta sayi kofi, ta zauna ta shanye, ta fito ta kakkaɓe rigarta gaba da baya har da takalmi. Ta koma, ta tayar da mota, ta kwance bel ɗin gefe.

Ƙin-ƙin-ƙin.

Matar da ke zuba mai ta leƙo. "Abin da ke cikin kujerar ne, yana yin haka in ya tsufa. Ki kai wa mai gyaran waya."

"Haka ne," in ji Editha.

Ta mayar da bel ɗin. Ta gwada a ƙofar coci, ta gwada a kasuwa, inda ta yi ta zagaya rumfunan kifi don ta ɓatar da sawu. Duk inda ta dawo ta kwance, ƙarar tana nan. A kasuwar ne ta zauna riƙe da sitiyari, idonta ya faɗa kan lambar. Tsaye-tsayen nan ba su taimaka mata ba. Ta daɗe tana kallo.

"To, Mang Rufino," ta ce, ba ta juya ba. "Ashirin. Daga nan ka sauka. Akwai jariri a gida, ka san Nanay."

Ta sa aka duba iskar tayoyin. Ta kashe esi, ta sauke gilashi kaɗan. Ta ɗauki titin da ya bi gefen madatsar ruwa zuwa arewa, wanda babu danja babu kasuwa, ta ɗora ƙafa a totur kamar mai taka ƙwai, ta bar allurar gudu a wuri ɗaya.

Gonaki suka yi ta wucewa. Manyan motoci suna danna mata ham suna wuce ta, ba ta kula ba. Gumi ya jiƙa mata baya. Rana ta karkata, inuwar motar ta yi tsawo a kan shinkafa. Lambar ta koma 19.9, ta tsaya nan kamar an kafe ta. Editha ta wuce garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba. Ba ta kunna rediyo ba, ba ta kuma dubi damanta ba, ko da ta ji ƙanshin man zafin da yake shafawa a dungulmin ƙafarsa.

Titin babu kowa, a miƙe, ciyawa ta yi tsawo a gefe.

Taf-taf.

Ta ɗaga ƙafa. Motar ta soma rage gudu da kanta. Can gaba ciyawar ta buɗe, wata ɓauna, irin wadda ake huɗa da ita, ta hawo kwalta tana jan igiyarta, ta tsallaka ba gaggawa. Motar ta iso daidai lokacin da wutsiyar ɓaunar ta bar titi. Editha ba ta taɓa birki ba.

 Ta mayar da ƙafar a hankali.

"Na gani," ta ce.

Ba ta san daidai inda abin ya faru ba. Ta duba titi, ta dawo da ido, ta ga 20.0.

Ta bar motar ta gangara har ta tsaya don kanta a gefen wata gona da aka gama girbi. Ba ta kashe injin ba. Ta kwance bel ɗin, ƙarar ta tashi. Ta miƙa ta tura ƙofar gefe ta buɗe, ta koma ta zauna, ta ɗora hannu a cinya. Ta san tsawon lokacin da mai ƙafa ɗaya yake ɗauka kafin ya juya, ya dafa ƙofa, ya sauka. Ta ba shi wannan lokacin.

Ƙarar ta yanke.

Sosan kujerar, inda ya lotsa, ya taso a hankali ya daidaita. Editha ta ƙara jira kaɗan, sannan ta ja ƙofar ta rufe.

Ana kunna fitilun titi ta iso gida. Nanay tana zaune a bakin ƙofa, kwanon a cinyarta, ta sake cika shi. Ta tashi ta zagaya motar, ta leƙa. Bel ɗin yana rataye a jikin ƙofa, injin yana aiki, babu wata ƙara.

"A ina kika bar shi?"

"Wata gona, can arewa. An gama girbi."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. "Miƙo hannu."

Ruwan ya huce, ganyen gwaiba ya manne mata a yatsa. Gidan shiru, jaririn ya yi barci. Editha ta koma ta murɗa makullin. Lambar ta ɗan jima tana haske a cikin motar, sannan ta ɗauke.