Kwikwiyon da Kowa Ya Ƙi Ɗauka

Da wanda ya sayar da dabba yana sane yanka ta za a yi, da wanda ya bar ta tana shan wuya a gaban idonsa, wa ya fi ɗaukar alhaki? Kwana uku Halidu yana juya wannan tambaya, kuma har yanzu da yake bisa kabu-kabu da kwali a kan cinyarsa bai sami amsa ba.

Kwikwiyo ne a cikin kwalin, ɗan wata uku. Uwarsa ce ke tsaron garkar raken Halidu a bakin kogi, har ranar da kamyo, babbar motar kaya, ya taka ta a hanyar duwan, ofishin kwastan. 'Yan'uwansa uku maƙwabta sun kwashe. Shi kuwa duk wanda ya leƙa ƙarƙashin wutsiyarsa sai ya ja da baya. Gabansa na mace ne, amma wata jar tsoka ta leƙo daga ciki kamar ta namiji. Ta bushe, ta tsage, ƙuda na bin ta, in zai yi fitsari sai ya yi ta kuka.

Labari ya kai kunnen Kadi, mai haye gada zuwa Malanville da hawainiya da mujiya yana kai wa masu magani. Ya ce bayan la'asar zai zo ya saya. Zalika matar Halidu ta ce alhamdu lillahi, don 'yarsu ta zo gida goyon ciki, kuma ba ta son idon yarinyar ya sauka kan abin.

A ofishin dabbobi, Madam Madina ta gama yi wa wani rago allura, ta juyo.

"Baba, fito da shi mu gani."

Halidu ya karkata kwalin a kan tebur har kwikwiyon ya zamo da kansa.

"Cizo yake?"

"A'a. Ni ne ba na taɓa kare."

"Amma kana kiwonsu?"

"Shekara talatin. Tuwo nake jefa musu, su yi aikinsu, in yi nawa. Da wannan hannun nake alwala, 'yata."

Ta sa safar hannu, ta juya shi rigingine, ta daɗe tana dubawa. Kwikwiyon yana lasar yatsanta.

"Mata-maza ne," in ji ta. "Tun a ciki aka halicce shi haka. Na gani a awaki sau da yawa, a kare wannan ne na biyu. Ba ya yaɗuwa, ba ya kama mutum. Ba zai haihu ba, amma zai ci, zai yi gudu, zai yi wa ɓarawo haushi."

"To kukan fa?"

"Wurin ne ke bushewa yana gogar ƙasa. In ya kai wata shida sai a kai shi Dosso a yi masa aiki. Kafin nan, safe da yamma a wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a shafa wannan pomad. In aka bari zai ruɓe, fitsari ya toshe."

Halidu ya dubi pomad ɗin bai karɓa ba.

"Babu wanda ake sawa cikin tuwo?"

Madina ta yi dariya. "Baba, ciwon a baya yake, kana son a aika magani ta gaba? Ko ka ɗaura auduga a bakin gora ka tsaya can daga garin Bengou?"

"Ba zan taɓa ba."

"To nemi wanda zai taɓa." Ta jefa pomad ɗin cikin kwalin, ta mayar da kwikwiyon a kai. "Ni na yi nawa."

Bai hau kabu-kabu ba da zai koma. Ya bi gefen kwalta a ƙasa, yana ratsa layin kamyoyin da ke jiran duwan, kwalin na motsi a hammatarsa. Wa zai nema? Zalika? Dariya ma za ta yi masa. Ya tsaya ƙarƙashin wani mangwaro, ya zauna, ya miƙe tun bai huta ba. In ya bai wa Kadi, wuƙa ɗaya ce, wahala ta ƙare, kuma ba hannunsa ba. Amma shi ya san inda za a kai shi. In ya riƙe bai wanke ba, kisa ne ma, sai dai a hankali. Ya yi sallar azahar a masallacin tasha, ya bar kwalin a waje, duk raka'a huɗu kunnensa na wurin kukan.

Da ya isa garka, Kadi na zaune a kan babur ɗinsa yana shan rake. Ya riga la'asar zuwa. Zalika na tsaye daga nesa da kwanon abinci.

"Malam Halidu! Na ce ko wani ya riga ni. Har likita aka kai shi? Kada dai a ce an gyara min kaya."

"Ba a gyara ba."

"Madalla. A haka suke son shi."

Ya zura hannu cikin kwalin, ya kamo ƙafafun baya, ya ɗaga kwikwiyon kai a ƙasa. Ya sa babban yatsa ya matsa wurin don ya gani da kyau. Kwikwiyon ya yi wata ƙara da ta sa Zalika ta kau da kai, jini ya ɗigo a kan takalmin Kadi.

"Kai, sahihi ne," in ji Kadi, yana lalubar buhu da ɗaya hannun.

"Kawo shi," in ji Halidu.

"Na'am?"

Halidu ya riga ya tara hannu biyu a ƙarƙashinsa. Kadi ya saki don mamaki. Jikin da ɗumi, ba nauyi, zuciyar na bugawa da sauri a tafin Halidu.

"Malam, ai mun yi magana."

"Kai ka yi magana. Ni ina ji ne."

Kadi ya tofar da ɓawon rake, ya ce in an ga dama a kira shi, ya tada babur.

Zalika ta matso taku biyu, idonta kan hannun mijinta.

"Malam, ka san abin da ka riƙe kuwa?"

"Na sani. A garka zai zauna, yarinya ba za ta gan shi ba."

"La'asar fa ta kusa."

"Kogi ga shi nan, zan wanke hannu." Ya zauna a kan kunyar rake, ya kwantar da kwikwiyon a cinyarsa. "Akwai gishiri a ɗaurinki?"

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa ƙullin daga nesa. Ya jawo butar shayinsa da rana ta ɗumama, ya zuba ruwan a ƙoƙo, ya gwada da yatsa. Kwikwiyon ya zabura da ruwan ya taɓa shi.

"Tsaya mana," in ji Halidu. "Ni ma yau na fara."