Layi Mai Ruwan Ɗorawa

Auta ta sake danna maɓallin, layin bai motsa ba. Ana jira.

Aikinta ke nan a wannan ɗan ofis mai ƙarar fanka. Makarantu da asibitoci su turo saƙonni, manhajar ta miƙa wa kamfanin waya, ita kuma ta zauna tana duba rahoton da ke dawowa. Kore, saƙo ya isa. Ja, ya faɗi. Ruwan ɗorawa kuwa, wayar mutum a kashe take ko babu sabis, kamfani na riƙe da saƙon yana ta gwadawa har wa'adinsa ya cika.

Yau layi ɗaya kawai take gani. Tun shekaranjiya da ruwa ya ci gada a hanyar da babanta ke bi da tirela, wayarsa ba ta shiga. Shi ne ta tura masa saƙo ta manhajar ofis. Ba don ya karanta ba, Baba ko sunansa ba ya iya haɗawa. So take rahoton ya gaya mata in wayar ta farfaɗo.

"Za ki huda maɓallin nan fa," in ji Dogo, abokin aikinta, ya ajiye mata shayi.

Mama ta kira. "Me na'urar taku ta ce?"

"Ta ce ana jira, Mama."

"To ai mu ma abin da muke yi ke nan. Wannan ba sai da kwamfuta ba."

Dariya ta zo wa Auta, kuka ya riga ta fita.

Rana ta yi sanyi, ana shirin tashi, sai layin ya koma kore. Ta miƙe zumbur har shayin ya zube. Sannan ta koma ta zauna a hankali. Sau nawa ta faɗa wa masu kawo ƙorafi cewa waya ce ke amsawa, ba mai waya ba? Kowa ma yana iya tsintarta a laka ya kunna.

"Kira mana," in ji Dogo.

"Tsoro nake ji. In wata murya ce ta ɗauka fa?"

Sai wayarta ta yi ƙara sau ɗaya, ta katse. Ta ƙara ɗaya, ta katse. A duniya mutum ɗaya ne ke mata haka. Baba bai taɓa kira ya jira a ɗauka ba, a cewarsa ɗa ne ke kiran uba.

Ta kira shi.

"Ke Auta," muryar ta shaƙe amma tasa ce, faɗan ma nasa ne. "Wa ya turo min rubutu? Kin san ni da shi ba ma ga maciji. Me ya ce?"

Ta share ido da gefen mayafi, tana kallon layin kore.

"Bar shi kawai, Baba. Ya riga ya yi aikinsa."