Zafin Kan Haladu

A teburin mai shayi na bakin gadar Wudil aka ƙulla maganar. Malam Ishaya, malamin jami'a, yana neman mutanen da zai kai Kano a sa su a injin hoton ƙwaƙwalwa, a auna zafinta ba yanka ba allura. Maikano dillalin shanu ya ce zai kawo masa mutanen kara, kasuwar shanu, amma lallai har da Haladu.

"Alhaji, zafi irin na zazzaɓi fa yake aunawa," in ji Ishaya. "Bai san hali ba."

"Malam, kai dai auna. Fassara tawa ce."

Haladu ne ya miƙe a taron dillalai bara ya ce Maikano zafin kai gare shi. Da wannan kalma aka karɓe masa shugabancin ƙungiya aka ba Haladun. Maikano ya haɗiye. Sai dai bai manta ba, suna samari rijiya ta taɓa ruftawa da Haladu a Lajawa, tun daga nan ko ɗaki ba ya kwana a rufe.

A gaban jama'a Maikano ya gayyaci Haladu. "Ranka ya daɗe, ai shugaba ba ya zama a baya."

A asibiti ma'aikaciya ta tambaya ko akwai mai tsoron matsatsin wuri. Haladu ya dubi dillalai ya ce, "Wa? Ni?"

Maikano ya ajiye agogo da zobe ya shiga, har gyangyaɗi ya yi. Da aka zura Haladu cikin bututun, injin ya kama bugu kamar maƙera, sai ihu.

"Ku fito da ni! Kabari ne!"

Ya fito ba hula, yana zagin kowa.

"Ba komai, yana faruwa," in ji Ishaya. "Awonsa ne kawai bai samu ba."

Ran Juma'a Maikano ya zaga kara rumfa-rumfa, murya a sanyaye. "Ni an auna, lafiya lau. Shugaba kuwa, Malam da bakinsa ya ce awo bai samu ba. Inji ma ya kasa ɗauka, ina ga mu?"

Ishaya ya zo ya yi ta bayani, ba wanda ya saurara. Kafin damina kujera ta koma hannun Maikano, Haladu ya daina zama a rumfar ƙungiya. Malam Ishaya kuwa bai ƙara samun ko mutum ɗaya daga kara ba, don kowa na tsoron a auna shi a kai kasuwa.