Hannu a Kan Hannu

Wendell Aho yana tsaye a ƙofar ɗakin, hannayensa biyu cushe a aljihun riga kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. A kan gado Reino Salmi ne kwance rubda ciki, fuskarsa a cikin matashi, yana nishi yana zagi.

"To ga shi na kawo maka shi," in ji Doreen, matar Reino. Ta juyo wajen Wendell. "Tun shekaranjiya bayan ya ƙage. Wai shi ne zai kwashe dusar ƙanƙarar da ta taru a rufin gareji da kansa."

"Ƙarya take yi," in ji Reino ta cikin matashi. "Takalmi na sunkuya zan ɗaure. Farfesa, kai ne? Me kake jira, sai na aika maka da katin gayyata?"

Reino ne ya laƙaba masa Farfesa. Wendell ko sakandare bai gama ba, amma babu littafi a kan daidai da kuskure a ɗakin karatun garin da bai aro ba, kuma yana da mummunar ɗabi'ar yi wa mutum tambaya alhali mutumin yana kwance tsirara ƙarƙashin tawul ba shi da wurin gudu. Shekara da shekaru, kowace Alhamis, yana tausa bayan tsohon nan da aikin haƙar ƙarfe ya lanƙwasa, yana tambayarsa ko ƙaryar da ba ta cuci kowa ba ƙarya ce.

"Ba zan iya taɓa ka ba, Reino," ya ce.

Bara ne Wendell ya zame a ƙofar gidan waya ya karya tsintsiyar hannu. Yana jinya, lasisinsa na tausa ya mutu. Takardar tunin sabunta lasisin ta zo a kan lokaci, shi kuwa ya sa ta alamar shafi a wani littafi da ke magana a kan cika alkawari. Hannu ya warke, ya yi darussan da hukuma ta ɗora masa, har da na ladubban sana'a, inda ya faɗi jarrabawar farko saboda kowace tambaya ya ga tana da amsa biyu. Abu ɗaya ya rage. Yau da yamma zai je banki wajen mai shaidar rantsuwa, ya rantse cewa tun mutuwar lasisin bai yi wa kowa tausa ba. Gaskiya ce kuwa, kuma ya lallaɓa gaskiyar nan watanni kamar mai ɗauke da tiren ƙwai a kan santsi.

Ya yi musu bayani. Ya ɗan tsawaita.

"Wa zai sani?" in ji Doreen.

"Ni."

"Na ce wa, ban ce kai ba."

"Doreen, ki bar shi," in ji Reino. "Mutumin da ya taɓa komo da motarsa daga bakin gari don ya mayar mana da biro. Ɗauko bindigata kawai ki huta da ni."

Ya yi ƙoƙarin juyowa don ya ga ko maganar ta shiga, sai ciwon ya damƙe shi. Wannan karon bai yi zagi ba. Yatsunsa suka cukuikuye zanin gado, ƙeyarsa ta jiƙe da gumi. Wendell ya hango wurin daga inda yake tsaye: gefen dama, sama da ƙugu, naman ya taso ya daskare. Cikin aljihu, babban yatsansa ya fara motsi shi kaɗai.

Ya auna abin. Idan ya taɓa, zai rantse a kan ƙarya, ko kuma ya faɗi gaskiya a tura takardarsa gaban kwamiti ta kwana can har bazara. Idan bai taɓa ba, ya bar tsoho cikin azaba don dai shi ya ji daɗin kansa. Ya lura cewa ko yanzu, ana nishi a gabansa, wani sashe na zuciyarsa yana sha'awar yadda matsalar ta tsaru. Ya ji kunyar wannan, sannan ya fara tunanin ko kunyar ma wani salon yabon kai ne.

"Doreen," ya ce, "wanke hannunki da ruwan zafi. Ki cire zoben."

"Ni?"

"Takardar ba ta ce kada in yi magana ba."

"Kada ka bar matar nan ta hau bayana," in ji Reino. "Ka ga yadda take murɗe wuyan kaza?"

"Rufe mana baki, tsoho," ta ce, amma ta tafi.

Ta dawo tana goge hannu a gaban riga. Wendell ya sa ta zuba mai a tafinta ta murza har ya yi ɗumi, don mai sanyi a kan bayan da ya ƙage zagi ne. Ta ɗora hannayen a bayan Reino kamar mai gwada zafin murhu, ta ɗage da sauri.

"A'a. Ki ajiye su, ki bar su. Kada ki yi komai tukuna."

"Haka kawai? Wannan ake biyan ka?"

"Rabinsa ke nan. Ki saurari numfashinsa. In ya fitar, ki jingina. Ba da yatsu ba, da nauyin jikinki. Kuma duk inda za ki je, ko mai za ki ƙaro, hannu ɗaya ya zauna a jikinsa. Kada ya taɓa rasa inda kike."

Ta kalle shi ta gefen tabarau. Ta jingina. Ta fara tafiya daga ƙugu zuwa kafaɗa, da farko a gurguje kamar mai goge tebur, daga baya a hankali. Ta ce ita rabonta da ganin bayan nan da rana tun ɗansu na fari yana goye, ba ta ma san tabon da ke ƙarƙashin kafaɗarsa ba. Reino ya ce tabon ya girmi ɗansu na biyu. Ta ce ai da ya faɗa. Ya ce ai ba ta tambaya ba.

Amma ƙullin ya gagare ta. Tana ta kewaye shi.

"Ƙasa kaɗan. Dama. A'a, kin wuce. Koma."

"Duk ɗaya nake ji, kamar katako."

"Yana nan, kamar ƙwallon goro ƙarƙashin fata. Hagu."

Reino ya saki wani sauti da ba na wasa ba. Wendell bai san lokacin da ya tsallaka ɗakin ba. Ya ɗora tafinsa a bayan hannunta, ya zame shi ɗan taƙi, ya danna. Ta cikin ƙasusuwan hannunta ya ji ƙullin, ya ji shi ya yi gardama, ya ji shi ya saki.

"Au," in ji Doreen a hankali. "Ga shi nan."

Ya janye hannunsa ya mayar aljihu. Ita ba ta ɗaga nata ba. Can numfashin Reino ya yi tsawo, bakinsa ya buɗe a kan matashi, ya fara minshari. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa yin barci a hannun Wendell ba.

A bakin ƙofa Doreen ta danƙa masa fasti biyu, irin burodin nan mai haɗi a ciki, masu zafi naɗe a takarda, ƙamshin nama da dankali yana tashi. Ya ce ba zai karɓa ba, kada ya zama lada. Ta ce babu wanda ya taɓa fita gidanta hannu sake, ko mai karanta mita, ta cusa masa a hammata ta rufe ƙofa.

A banki, Patrice Koski ce mai shaidar rantsuwa. Tare suka yi firamare. Ta jawo hatiminta daga aljihun tebur, ta nemi katin shaidarsa duk da ta san shi tun yana fitsarin wando a aji.

"Kafin in sa hannu," ya ce, "ina da tambaya."

"Na shiga uku," in ji Patrice. Ta duba layin da ke bayansa. "Yi sauri."

Ya ba ta labarin. Hannun Doreen ne a kan fatar, amma ƙarfin nasa ne, sanin wurin ma nasa ne. Idan mutum ya danna da sanda, ai ba a cewa sanda ce ta danna. To amma Doreen ba sanda ba ce. Ga kuma maganar fasti.

"Wendell, aikina in tabbatar kai ne kai, kuma kai ka sa hannu. Ko me ka rubuta, tsakaninka da Mahaliccinka."

"Amma a ganinki?"

"A ganina ƙarfe huɗu muke rufewa."

Ya ajiye ƙunshin a kan teburinta. "To karɓi wannan, don kada a ce an biya ni."

"Yanzu kuma ya zama cin hanci. Ɗauke abinka."

Ya riƙe biro a kan takardar, inda aka tambaya ko ya yi wa wani tausa, gurbi biyu, eh da a'a. Gaskiya, eh ɗin ya fi burge shi. Har ya hango kansa gaban kwamiti cikin kwat ɗin da ya sa ranar binne mahaifiyarsa, yana bayanin yadda tausayi ya rinjayi doka, wata mace a ƙarshen tebur tana share hawaye. Zai rasa aiki har bazara, amma zai zama mutumin da ya karya doka don ceton tsoho.

Wayarsa ta yi ƙara. Doreen ce.

"Ya tashi," ta ce. "Ya je banɗaki da ƙafarsa. Ya ce in sake yi masa, na yi, na kuma samo wurin ni kaɗai. Har da wani a gefen hagu da ya ce kai ba ka taɓa ganowa ba."

"Madalla," in ji Wendell.

"Wai in ce maka ko takardar ta fito, kada ka wahalar da kanka ranar Alhamis. Ka zo Lahadi cin abinci. Ya ce ni ba na yi masa tambayoyi." Daga nesa aka ji muryar Reino yana faɗin wani abu. "Wai kuma hannunka sanyi gare shi, tun da can, kunya ce ta hana shi faɗa."

Wendell ya kashe wayar. Ya dubi tafinsa na dama, ya kara shi a kumatunsa. Da ɗan sanyi kam.

"To?" in ji Patrice. "Ka yi wa wani tausa ko ba ka yi ba?"

"Ashe ban yi ba," ya ce.

Ya sa alama a kan a'a, ya sa hannu. Ta ce ya ɗaga hannun dama, ya ɗaga, ya rantse. Ta buga hatimi, ta leƙa bayansa ta kira na gaba.